Yana atishawa kullum a Aboabo, ya samu lafiya a Bawku: me ke cikin katifar yaron?

"Assalamu alaikum Likita. Ina zaune a Aboabo, nan Kumasi. Ɗana ɗan shekara 7 ne, kuma kusan shekara biyu ke nan kullum da asuba sai ya tashi da atishawa, ya jera goma ko fiye, hanci na zubar ruwa, ido na ƙaiƙayi. Wani daren tari kan hana shi barci, har in riƙa jin ƙirjinsa yana fito. Kakarsa ta ce sanyi ne, muka daina kunna fanka, muka hana shi ruwan firji, ba abin da ya canza. Abin da ya ɗaure min kai, da hunturu muka je biki Bawku muka yi mako uku, duk da ƙurar garin nan lafiya lau yake barci. Muna dawowa gida da kwana biyu abin ya dawo. Wata maƙwabciyata ta ce wai wasu ƙwari ne a cikin katifa. Na fesa maganin ƙwari, na duba ciki da bai ban ga komai ba. Gaskiya ne akwai su? Idan akwai, ya zan yi?"

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba yaro lafiya. Abin da kike son sani dai shi ne ko ƙwaron da ido bai gani zai iya sa yaro atishawa da tari har shekara biyu, da dalilin da ya sa garin da ya fi Kumasi ƙura ya fi masa daɗin kwana. Maƙwabciyarki ba ta yi ƙarya ba. Ban duba yaron ba, don haka ba zan yanke hukunci daga nesa ba, amma labarin nan naki na sha jin irinsa a ɗakin duba yara, kuma tafiyar Bawku, can arewacin Ghana, da kika ambata ita ce ta fi komai ba ni haske.

Ƙwaron da kike nema

Ba za ki gan shi ba ko da kin farke katifar, domin sai an jera uku ko huɗu kafin su cika milimita ɗaya, ga shi jikinsa fari-fari ne kamar ƙura. Ƙafafunsa takwas, dangin gizo-gizo da kaska ne. Ba kuɗin cizo ba ne, ba ƙuma ba ne, ba ya cizo, ba ya shan jini, ba ya shiga fata kamar ɗan'uwansa mai kawo ƙazuwa. Abincinsa ɓarɓashin matacciyar fatar da ke zuba daga jikinmu dare da rana ba mu sani ba. Inda muka fi daɗewa a kwance nan abincin ya fi taruwa: katifa, matashin kai, bargo, kujerar kushin, kafet, da 'yar tsanar nan mai gashi da yara ke runguma su yi barci. Masana suna kiran jinsin da ya fi yawa a duniya Dermatophagoides, sunan da ma'anarsa a Girkanci ta yi kusa da "mai cin fata". A ƙasashe masu zafi da laima irin tamu akwai wani na daban mai suna Blomia tropicalis, wanda zan dawo kansa idan na zo maganar gwaji. Ni dai ƙwaron ƙura nake ce wa iyaye, su gane.

Yakan rayu wata biyu zuwa uku, kuma macen kan yi ƙwai 60 zuwa 100 kafin ta mutu. Amma ba ƙwaron ne kansa ya fi cutarwa ba, kashinsa ne. Kowane ɗaya yakan yi ƙananan dunƙulen kashi wajen 20 a rana, a ciki kuma akwai sinadaran da yake narkar da abinci da su. Tun da daɗewa likitoci sun san ƙurar ɗaki na sa wasu mutane asma, amma sai a 1964 wasu masana a birnin Laiden na ƙasar Holan, Voorhorst da Spieksma, suka nuna cewa wannan halitta ce a bayan abin. A farkon shekarun 1980 aka tabbatar a Ingila cewa kashin ne babbar hanyar da sinadarin ke isa hanci.

Abin da ke faruwa a jikin yaro shi ne, garkuwar jikinsa ta ɗauki wannan sinadari a matsayin maƙiyi alhali ba shi ba ne. Da ya shaƙa, sai jiki ya saki wani abu da ake kira histamin, fatar cikin hanci ta kumbura, ruwa ya ɓalle, atishawa ta biyo. Idan abin ya gangara hanyoyin iska na huhu sai su tsuke, a ji tari da fiton nan da kika ce, wato asma. Shi ne abin da likita ke nufi idan ya ce alaji, wanda mu kan kira borin jini idan ya fito a fata. Mutum goma za su kwana ɗaki ɗaya, ɗaya ya wahala tara su tashi garau, domin halin jiki ne kuma yakan bi jini. Ki binciki danginki da na mahaifinsa, da wuya ki rasa mai asma ko mai murar da ba ta ƙarewa.

Shi kashin nan yana da ɗan nauyi, ba ya daɗewa yana yawo a iska. Idan an kaɗe shimfiɗa ya tashi, cikin kamar rabin awa ya koma ya kwanta. Shi ya sa yaro ke shaƙarsa da dare, lokacin da hancinsa ke nutse cikin matashi awa takwas ko tara, yana juyi yana tayar da shi. Da asuba kuma sai a ga sakamako.

Me ya sa Bawku

Ƙwaron ƙura ba ya shan ruwa da baki. Laimar da ke cikin iska yake tsotsa ta jikinsa. Yana jin daɗi idan laimar ta kai kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari tare da ɗumi, idan kuwa ta sauka ƙasa da kashi 50 ta daɗe a haka, sai ya bushe ya mutu. To ki dubi Kumasi. Muna tsakiyar ƙasar kurmi, damina biyu muke yi a shekara, babba daga wajen Maris zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Kin san yadda takalmin fata ke yin funfuna a ƙarƙashin gado, da yadda wanki ke kwana biyu a igiya bai bushe ba. Wannan ita ce aljannar ƙwaron. Bawku da hunturu kuwa laima kan faɗi ƙasa da kashi 30 da rana, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi kaushi. Ƙurar can ta ƙasa ce da iska ta kwaso. Tana iya harzuƙa hanci, har ta tayar wa mai asma ciwonsa, amma ba ta ɗauke da kashin da jikin ɗanki ke faɗa da shi kamar ƙurar ɗakinku. Na kuma yi zaton a can tabarma ya kwana ko siririyar katifa a kan siminti, ba kafet ba labule mai kauri.

Ina roƙon ki gaida Hajiya kaka, kuma kada ki yi mata gardama da zafi, domin abin da ta lura da shi gaskiya ne: da damina da sanyin asuba ciwon ya fi tashi. Iska mai sanyi na iya tsokanar hancin da ya riga ya kumbura. Sai dai hana yaro ruwan firji alhali yana komawa kan matashin nan kowane dare, an bar jaki ne ana dukan taiki. Rufe tagogi don gudun sanyi ma ƙara wa ɗakin laima yake yi.

Ba ɗanki kaɗai ba ne a garin nan. Dakta Emmanuel Addo-Yobo na asibitin Komfo Anokye, wanda muka fi sani da Gee, da abokan aikinsa sun gwada 'yan makaranta a Kumasi da kewaye a 1993, suka sake a 2003. A cikin shekara goma, yaran da fatarsu ta nuna alaji suka kusa ninkawa, masu tsukewar ƙirji bayan gudu su ma suka ƙaru. Sun kuma nuna cewa alajin ƙwaron ƙura na cikin manyan abubuwan da ke tafiya tare da asma a yaran garin. Ni ban yi mamaki ba. Gidajen da muka tashi a cikinsu a Zango tabarma ce da ake naɗewa da safe a jingine. Yanzu ɗaki ɗaya ne da falo, an shimfiɗa kafet bango zuwa bango, ga kushin manya-manya, ga labule ninki biyu, ga tagar gilas da ba a buɗewa saboda sauro da ɓarayi.

Kafin a ɗora wa ƙwaro laifin duka

Akwai wasu masu laifin da ke shiga rigarsa. Kyankyaso na kawo alaji iri ɗaya, kuma gidajen haya masu tsakar gida ɗaya ba sa rabuwa da shi. Akwai funfunar danshi a bango, akwai kyanwa. Sai hayaƙi, wanda ba alaji ba ne amma yana hura wutar: maganin sauro na kunnawa a ɗaki rufe, turaren wuta, gawayin kurfoti a bakin ƙofa, sigarin wani a gidan. Maganin ƙwarin da kika fesa ma yana cikin wannan sahu. Bai isa cikin soson katifa inda suke ba, ko ya kashe wasu bai ɗauke kashinsu da gawarsu ba, kuma warinsa na iya tsuke ƙirjin yaron. Kada ki sake fesawa a shimfiɗarsa.

Wani abu da ba na wasa da shi: tarin da ya wuce mako biyu tare da rama, zazzaɓi ko gumin dare, musamman idan akwai babba mai tari a gidan, wannan a gwada tarin fuka ne tun kafin a yi maganar katifa.

Hanyar tabbatarwa ita ce gwajin fata. Ana ɗiga ɗan ruwan kowane abin zargi a damtsen hannu, a ɗan taɓa fatar da tsinin allura ba tare da jini ya fito ba, a jira minti 15 zuwa 20. Inda ya yi ƙurji mai faɗin milimita 3 ko fiye, kamar cizon sauro, nan jiki ya amsa. Ki tambayi likitan yara a babban asibiti inda za a yi muku, ki kuma roƙa a haɗa da Blomia, don kayan gwajin da aka tsara saboda Turai ba kullum suke ɗauke da shi ba. A dakatar da maganin mura irin su Piriton da cetirizine kwanaki kafin ranar, yadda likita ya ce, in ba haka ba gwajin zai yi shiru. Akwai na jini ma, sai dai a ƙasashenmu inda tsutsar ciki ta yi yawa yakan nuna alama a yaron da lafiyarsa ƙalau. Don haka ba takarda muke yi wa magani ba, sai sakamakon ya dace da labarin da uwa ta bayar.

Aikin gida

Ba mai iya ƙarar da ƙwaron ƙura a Kumasi. Wanda ya zo miki da wata hoda ko wata na'ura ya ce za ta share su kwata-kwata, kuɗinki yake so. Binciken da aka tattara a duniya ya nuna cewa ɗaukar mataki guda ɗaya tak da wuya ya canza wa mai asma wani abu. Abin da ke da amfani shi ne haɗa matakai da yawa a wuri guda, kuma wurin shi ne inda yaro ke ɗora kansa.

Na koyi wannan ne da kuskurena. Farkon fara aikina na sa wani uba ya zubar da katifar ɗansa ya sayi sabuwa fil, da kuɗin da na san ya wahala kafin ya samu. Yaron ya samu sauƙi 'yan watanni, damina na kankama suka dawo gabana, uban na kallona ba ya cewa komai. Sabuwar katifa ta cika da ƙwari daga tsohon matashi da bargon da muka manta da su. Tun daga ranar ban sake cewa a sayi katifa ba, cewa nake a rufe wadda ake da ita.

Akwai rigar katifa da ta matashi da aka saƙa da matsi sosai mai zif, wadda ƙwaron da kashinsa ba sa iya ratsawa. Wani bincike da aka yi a Manchesta ta Ingila aka buga a 2017 ya nuna yara masu wannan alaji da aka rufe wa shimfiɗa da ita sun rage zuwa asibiti da tashin asma. Idan ba ki samu ba, ko kuɗin ya yi yawa, leda mai kauri irin wadda ake sa wa katifar jarirai ta wadatar, in dai ta naɗe katifar gaba ɗaya an liƙe bakin. Aibinta zafi da gumi, sai ki ɗora zanen gado na auduga mai kauri ninki biyu. Matashi kuwa shi ya fi katifa muhimmanci don shi ke manne da hanci. Na taɓa duba wata yarinya daga unguwar Asawase, ƙasan idonta ya yi duhu, karan hancinta ya yi layi a gicciye saboda yawan murza shi sama da tafin hannu. Da na ce a kawo min matashinta, sai ga wani tsohon matashin audugar rimi na kakarta, ya yi nauyi kamar an jiƙa shi, ya girmi uwar yarinyar. Irin wannan ba ya gyaruwa, rabuwa ake yi da shi.

Wanki shi ne na biyu. Ruwan sanyi da sabulu na wanke kashin, amma ba ya kashe ƙwaron sosai. Sai ruwa ya kai zafin digiri 60. Ba sai kin nemi ma'auni ba: tafasasshen ruwa rabi, ruwan famfo rabi, ya kai wajen haka. Ki jiƙa zanen gado da rigar matashi minti goma zuwa sha biyar a bokiti a rufe, nesa da yara saboda ƙuna, sannan ki wanke yadda kika saba. Sau ɗaya a mako, ki tsayar da rana, ko Asabar ko Lahadi. A shanya a rana su bushe ƙarau, a goge da dutsen guga mai zafi in da hali. Bargo da gidan sauro su ma a riƙa wanke su lokaci-lokaci, amma gidan sauro mai magani da ruwan sanyi ake wanke shi a shanya a inuwa, kada a lalata maganin. Kayan gwanjo da aka sayo a kasuwar Kejetia, musamman bargo da 'yan tsana, a wanke su da ruwan zafi kafin su shiga ɗaki. 'Yar tsanar da ba ta jure zafi a ƙulle ta a leda ta yini ta kwana a firiza, sannan a wanke.

Rana kyauta ce kuma tana aiki. Kafet ko darduma da aka shanya awanni cikin rana mai ƙarfi, ƙwarin ciki kan mutu. Katifa mai kauri ce rana ba ta ratsa ta duka. Duk abin da aka shanya a kaɗe shi a waje lokacin da yaro ke makaranta. Kafet ɗin ɗakin kwana dai da za ki ji shawarata da kin naɗe shi gaba ɗaya, ki bar siminti ko tayil ko shimfiɗar leda da ake gogewa. Tsintsiya busasshiya tayar da ƙura kawai take yi, a yi amfani da tsumma mai laima, har fukafukan fanka da saman kwaba. Kada a sa shi shara ko kaɗe gado, kuma bayan an gama ya ba ɗakin rabin awa. Jakunkunan kaya da ke jibge a ƙarƙashin gado da kan ƙusa su koma akwati mai murfi. A buɗe taga da ƙofa da rana iska ta ratsa, a daina shanya jiƙaƙƙen wanki a ɗaki da damina, kuma da safe a yaye zanen gado na ɗan lokaci gumin dare ya fita kafin a gyara. Idan gado ɗaya yake kwana da 'yan'uwansa, shimfiɗar duka za a yi wa wannan aiki, ba gefensa kaɗai ba.

Ki ba abin wata biyu zuwa uku kafin ki auna. Ki sami ɗan littafi ki riƙa rubuta daren da ya tashi da tari, zai taimaki likitansa ƙwarai.

Magani

Gyaran ɗaki ba ya maye gurbin magani, balle ga yaron da ƙirjinsa ke fito. Don hanci, cetirizine ko loratadine sun fi Piriton dacewa da ɗan makaranta, domin Piriton na sa gyangyaɗi a aji. Idan toshewar kullum ce, abin da ya fi aiki shi ne maganin fesawa a hanci mai ɗan sitiroyid, wato sinadarin da ke kwantar da kumburi, irin su fluticasone ko mometasone, wanda sai an yi kwanaki ana fesawa a jere kafin a ga cikakken amfaninsa. Wanke hanci da ruwan gishiri na kemis yana taimakawa. Ɗigon nan mai buɗe hanci nan take, irin Otrivin, kada ya wuce kwana biyar zuwa bakwai, in ya wuce hanci kan saba ya ƙara toshewa.

Ƙirjin ne ya fi damuna. Ki kai shi a duba ko asma ce. Idan ita ce, za a ba shi abin shaƙa: mai launin shuɗi, salbutamol, na buɗe ƙirji ne idan ya tsuke, akwai kuma na kariya da ake shaƙa kullum ko da lafiya, wanda shi ke kwantar da kumburin ciki. Iyaye da yawa a unguwanninmu na tsoron abin shaƙa, wai yaro zai saba ya kasa rabuwa da shi. Ba ya sa sabo. Abin tsoro shi ne ƙwayoyin dexamethasone da prednisolone da ake saye a kemis ba takardar likita ana ɗura wa yaro duk wata don suna aiki kamar yankan wuƙa. Na ga yaran da suka kumbura fuska suka daina tsawo saboda su. Ki nemi a nuna miki yadda ake haɗa abin shaƙar da bututun nan na roba da ke taimaka wa yara, don ba tare da shi ba yawancin maganin a baki yake tsayawa.

Akwai kuma hanyar saba wa jiki da sinadarin ƙwaron kaɗan-kaɗan, da allura ko ƙwayar da ake sa wa a ƙarƙashin harshe. Ana yin ta aƙalla shekara uku, tana da tsada, kuma sai ƙwararren likitan alaji ya ga ta dace bayan sauran hanyoyin sun gaza.

Idan wani dare kika ga yana numfashi da sauri, haƙarƙarinsa ko ramin wuyansa na lotsawa, ya kasa ƙarasa magana ba tare da ya tsaya ya ja iska ba, ko leɓensa ya canza launi, ko kin ba shi abin shaƙa bai sassauta ba, kada ki jira gari ya waye kuma kada ki tsaya shafa masa man zafi. Ki ɗauke shi zuwa sashen gaggawa mafi kusa, ki tafi da duk magungunan da yake sha a jaka.